Waya, rediyo ko sim: wace mita za ta iya magana a Zangon Kumasi?

Ɗan ƙanwata yana da ɗan kamfanin aikin lantarki a Aboabo, shi da yara bakwai da tsohuwar a-kori-kura guda. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ya biyo ni gida riƙe da takardu uku. Kamfanoni uku ne na ƙasashen waje, kowanne yana neman ɗan ƙasa da zai haɗa hannu da shi, domin duk ranar da masu rarraba wuta suka yi shelar neman waɗanda za su kawo kayan gwajin mitocin nan masu aika bayani da kansu, su shiga takara tare. Dalilin nemansa a fili yake: tun 2017 akwai dokar Hukumar Makamashi, L.I. 2354, wadda ta wajabta 'yan Gana su samu kasonsu a harkar lantarki. Ya baje takardun a kan tabarma ya ce, "Kawu, duk ukun cewa suke nasu ya fi, kuma kowanne so yake in sa hannu cewa ba zan bi wani ba. Wanne zan ɗauka?"

Na ce ya ba ni kwana biyu. Abin da na faɗa masa bayan nan shi nake rubutawa, don na san ba shi kaɗai ba ne. Muna da 'ya'ya masu wannan sana'a a Asawase da Sawaba da Zangon Tafo, har Nima da Madina can Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara.

Sai mutum ya fara gane abin da kamfanin wuta yake nema. Wutarmu tana tasowa daga Akosombo da Kpong da Bui, da injinan Tema da Aboadze, ga kuma tashar Anwomaso nan kusa da mu da aka buɗe a 2024. GRIDCo ke ɗauko ta a manyan layuka masu bolt 161,000 da 330,000, ya miƙa wa ECG a kudu da NEDCo a arewa, su sauke ta zuwa 33,000 da 11,000, har taransifomar bakin layinku ta mai da ita 230 ɗin da ke juya fanka. A can sama ana ganin komai a allon kwamfuta. Amma daga taransifoma zuwa ɗakinka, kamfanin lalube yake cikin duhu. Bai san wuta ta ɗauke a layinku ba sai wani ya buga waya. Bai san nawa ta fita aka biya, nawa ta zube a ruɓaɓɓiyar waya, nawa aka ja ta bayan fage ba. Gwajin da ake ta magana, neman ido ne a wannan ɗan tsakanin.

Mitocin kamfanoni ukun nan duk awo ɗaya suke yi. Inda suka rabu shi ne hanyar da mitar za ta bi ta kai labari ofis.

Ta farko wayar wutar kanta take bi, abin da injiniyoyi ke kira PLC. Mitar tana ɗora ɗan saƙonta a kan wayar da ta kawo mata wuta, saƙon ya koma baya har taransifoma. A nan ake kafa akwatin tattara bayani, don saƙon ba ya iya ratsa taransifomar yadda ya kamata, akwatin kuma shi zai tura bayanin duk unguwar zuwa ofis ta layi ɗaya. Abu biyu ne ke burge ni da ita. Na ɗaya, babu kuɗin wata-wata a kan kowace mita, hanyar taka ce, ka riga ka shimfiɗa ta. Na biyu ya fi girma: galibi duk mitar da ta amsa wa akwati, daga wannan taransifomar take sha. Ke nan kamfani ya san gidajen da ke rataye a kowace taransifoma ba tare da ya aika mutum ya bi falwaya-falwaya ba. Sai ya sa babbar mita a bakin taransifomar, ya tara abin da gidaje suka ci, ya cire, saura kuwa shi ne asara. Wanda ya san yadda taswirar layukanmu ta sha bamban da abin da ke ƙasa zai gane wannan ba ƙaramar riba ba ce. Da wannan hanya kamfanin Enel ya sa mitoci sama da miliyan 30 a Italiya tun daga 2001, Faransa ma da ita ta sa mitocinta na Linky wajen miliyan 35.

To amma wayar Italiya daban, tamu daban. Na ja ɗan ƙanwata da magariba muka tsaya gindin wata falwaya a bayan layinsu, na ce ya ɗaga kai ya ƙirga. Wayoyi sun fi ashirin suna sauka daga wuri ɗaya, wasu an murɗe alminiyon da jan ƙarfe da hannu, mahaɗar ta yi fari fat da tsatsa. Taku goma daga nan mai walda yana ƙarasa ƙofa, duk sanda ya ɗosana sandarsa kwan fitilar mai shayi sai ya yi ƙasa ya dawo. Gaba kaɗan injin niƙa yana ruri, ga rumfar cajin waya da caja ta araha fiye da talatin a jere, ga inbatar mai kanti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙara yake zubawa cikin wayar, saƙon mita kuwa raɗa ne. Mai raɗa a tsakiyar kasuwar Kejetia sai ya maimaita sau goma kafin a ji shi. Lokacin da ƙarar ta fi yawa, tsakanin magariba da bayan isha'i, shi ne daidai lokacin da kamfani ya fi son sanin halin da taransifoma take ciki. Ƙari a kan haka, in wuta ta ɗauke, hanyar maganar ta ɗauke tare da ita. Mu da muka ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan, daga 2012 zuwa 2016 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Sannan duk sanda ma'aikata suka cire wani layi daga taransifomar da ta yi nauyi suka mayar kan wata, sai mitocin sun sake neman sabon akwati, abin da kan ɗauki sa'o'i.

Don haka na ce masa wannan hanya tana da kyau a inda aka sake wayoyin da ke kai wuta gidaje gaba ɗaya, aka sa wayar nan mai rufi da ake murɗewa wuri guda, aka matse mahaɗai da kayan aiki. A rukunin sababbin gidaje, zan sa hannu. A tsohon layin Zango kuwa, wanda ya yi alkawarin za ta yi aiki ba tare da ya auna ƙarar wayar ba, cinikin biri a sama yake yi.

Ta biyu rediyo ce. Kowace mita tana da ɗan ƙaramin rediyo a ciki, ta miƙa saƙonta ga maƙwabciyarta, waccan ta miƙa gaba, gida-gida kamar sanarwar ɗaurin aure, har ya isa akwatin da ke kan falwaya. In wata mita ta mutu a hanya, saƙon ya kewaye ta wani gidan. A nan cunkoson da ake yi mana gori da shi ya zama arziki, domin wannan tsari maƙwabta yake so, gwargwadon yawansu gwargwadon ƙarfinsa. Ba ruwansa da mai walda, ba ruwansa da tsatsar mahaɗa. Kuma yana da wata baiwa da nake ganin ita ce za ta fi taɓa rayuwar mutane: ana sa wa mitar ɗan ma'ajin caji wanda zai riƙe ta daƙiƙoƙi bayan wuta ta ɗauke, ta samu ta ce "an ɗauke mini" kafin ta yi shiru. In mitoci 80 suka faɗi haka a lokaci ɗaya, ofis ya san fis ɗin wace taransifoma ya ƙone tun kafin mai sayar da ƙanƙara ta gama neman lambar da za ta kira.

Laifinta shi ne ƙarfe. Rufinmu kwano ne, shagunanmu kwantena ne, kuma mun saba kulle mita cikin akwatin ƙarfe saboda ɓarayi da ruwan sama. Rediyo a cikin akwatin ƙarfe kamar mutum ne a cikin rijiya. Manyan benayen kankare irin na Adum ma suna danne ta, musamman in an jera mitoci a ƙarƙashin matakala. Maganin da na fi yarda da shi shi ne mitar nan mai rabi biyu da aka riga aka sani a nan: ɓangaren awo yana sama kan falwaya cikin akwatin roba, ɗan allon danna lambobi yana ɗaki. Rediyon ya samu tsawo, mai son taɓa waya kuma ya samu wahala. Sai dai a sani, wannan tsari ba ya son a yayyafa shi. In kamfanin wuta ya ce a gwada mitoci 300 a warwatse daga Abuakwa zuwa Ejisu, ba za su ji juna ba, gwajin zai faɗi, a ce kayanka ne ba su da kyau. Dole a ba ka unguwa guda a dunƙule, duk gidajen da ke kan taransifoma biyu ko uku.

Akwai wata tambaya da na sa shi ya rubuta da jan biro. Rediyon a wane zango yake magana? Na kasuwar Turai galibi a megahaz 868 suke, na Amurka tsakanin 902 da 928, wannan na biyun kuwa yana shiga gonar da wayoyin salularmu ke amfani da ita. Ba a shigo da kayan rediyo Gana sai da amincewar hukumar sadarwa ta NCA. Kada a bari kwantena ta iso Tema sannan a fara neman takarda. A kuma tambaya ko rediyon yana bin ƙa'idar da kowa ya sani, irin su Wi-SUN, ko yaren gidan kamfanin ne shi kaɗai.

Ta uku ita ce mafi sauƙin fahimta: kowace mita da sim ɗinta, tana kiran ofis kai tsaye ta MTN ko Telecel ko AT. Ba akwati a taransifoma, ba jiran maƙwabta. Ka ɗaura da safe, da azahar tana allo. Shi ya sa a gwaji ita ke saurin burge manya, kuma ɗan ƙanwata ita zuciyarsa ta fi karkata. Na ce ya ɗauko biro. A ƙaddara, misali kawai, kowane sim sidi 5 yake ci a wata. Mitoci 500 na gwaji, sidi 2,500, ba wanda zai ɗaga gira. Mitoci 10,000 a shekara goma kuwa sidi miliyan 6 ne, kuma wani zai biya, ko kamfanin wuta ko kai da ka sa hannu cewa kuɗin sadarwa yana cikin farashinka. Bayan haka, mita ana sa ta ne ta yi shekara goma zuwa sha biyar, fasahar salula kuwa ba ta jiran kowa. Kamfanonin waya na Amurka sun kashe 3G a 2022, na'urori da yawa da suka dogara da shi suka kurumce. Wanda ya kawo maka mita mai 2G kaɗai don ta fi araha, ka tuna araha ba ta ado. Sim ɗin kuma ya zama irin wanda ake liƙewa a jikin allon sashen sadarwar mitar, wanda ba a zare shi shi kaɗai.

Duk da haka akwai wuraren da babu kamarta: gidajen sanyi masu ajiye kifi da kaji, masana'antun fiya wata, otal-otal, manyan garejin Suame Magazine, mitar bakin taransifoma, da gidajen bayan gari da ke nesa da juna. Mai cin wutar dubban sidi a wata, kuɗin sim ɗinsa ba abin lissafi ba ne.

A 'yan shekarun nan an fara yin mitoci masu haɗa waya da rediyo a jiki ɗaya, in wannan ta toshe saƙo ya bi waccan. Sun fi tsada, amma a wuri irin namu sun cancanci a tambaya.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina, kuma da kaina na ɗanɗana shi. Shekarun baya wani mai rukunin shaguna ya ba ni aikin sa ƙananan mitoci 40 don masu haya su daina faɗa a kan bil. Na sayo su a hannun wani kamfani, masu kyau, ana sa musu kuɗi ta waya. Shekara biyu ba a ji kanmu ba. Rana ɗaya kamfanin ya naɗe tabarmarsa, kwamfutar da mitocin ke magana da ita ta mutu, ba kuma wanda ke da mabuɗin sirrin da ake haɗa lambobin kuɗi da shi. Mitoci lafiya lau, amma ba a iya sa musu ko kwabo. Wata tela mai 'ya'ya huɗu ta zo ƙofar gidana da kayan sallar mutane a hannu, ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malam, ya zan yi da waɗannan?" Da kuɗina na cire su duka na sa wasu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a wannan sana'a mu ne masu ratayawa.

Abin bai tsaya kan ƙananan 'yan kasuwa irina ba. A Birtaniya, mitocin zamani na zubin farko da yawa sun daina aika bayani da zarar mai gida ya sauya kamfanin da yake sayen wuta a hannunsa, sai da aka sha aiki kafin a haɗa su a tsari ɗaya. Don haka kafin ka tambayi waya ko rediyo ko sim, tambayi yaren da mitar ke yi. Na karatun bayani, a ga DLMS a rubuce tare da takardar shaida. Na sayen wuta, a ga STS, tsarin lambobi 20 ɗin nan da kowa ya sani. Kuma ko shi STS ɗin yana da darasi: agogon da ke cikin lambobinsa, wanda ya fara ƙirga mintoci daga 1993, ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024, dole aka sabunta mabuɗan mitoci a ƙasashe da dama. Inda mita ke jin magana daga nesa, daga ofis ake iya turawa. Inda ba ta ji, sai an bi gida-gida ko mai gida ya danna da hannunsa. Mabuɗan nan dole su kasance a hannun kamfanin wuta, a rubuce cikin yarjejeniya. Sashen sadarwar kuma ya zama wanda ake zarewa a sa wani ba tare da an sauke mitar ba.

Sai a tambaya ina kwamfutar take zaune. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Gana da maƙwabtanta suka kwana suna lalube. Tsarin da ƙwaƙwalwarsa ke wata ƙasa, ranar irin wannan ba shi da amfani. A ƙarshen Satumban 2022 kuma mun ga yadda tsarin sayar da wutar kati ya tsaya kwanaki, mutane da kuɗi a hannu suna layi ba wuta. Mitar da ta dace da mu ita ce wadda ke da bashin gaggawa da za a iya buɗewa, kuma take karɓar lambobi da hannu ko da duk sadarwa ta mutu. Bayanin da mita ke tarawa ma amana ne, don yana nuna lokacin da gida ke da mutane da lokacin da ba kowa, kuma dokar kare bayanai ta 2012 ta hau kan duk wanda ya riƙe shi.

Mutane kuwa su ne rabin gwajin. Abin da ya faru a ƙasar Krobo a 2022, inda rikicin mitar kati ya kai ga sojoji suna raka masu ɗaurawa, garuruwa kuma suka yi makonni ba wuta, ya isa ya nuna cewa kaya masu kyau ba sa shiga unguwa da ƙarfi su zauna lafiya. A nan ɗan Zango yake da abin da baƙon kamfani ba zai saya da dala ba. Ya san gidan da ɗakuna 14 ke kan mita ɗaya, ana raba bil da ƙirgen kwan fitila da fanka da firij, ana rigima a kan wa ke ɓoye dutsen guga. Ya san irin wannan gida yana rasa rangwamen da PURC, hukumar da ke tsayar da farashin wuta, ta ware wa masu cin wuta kaɗan, don in aka tara cin kowa a mita ɗaya sai ya haura. In gwajin zai ba kowane ɗaki mitarsa, wannan ita ce maganar da za a fara kai wa mai unguwa da liman da shugabar mata, kafin a jingina tsani a falwaya.

Maganar kuɗi gajeruwa ce amma tana kashe kamfani. Kaya da dala ake sayowa, kwangila da sidi ake biya, kuma ba ranar da ka gama ba. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Na ce masa kada ya ɗauki nauyin shigo da kaya da bashin banki. Baƙon ya shigo da kayansa, shi ya riƙe ɗaurawa da gyara da horar da yara. Takardunsa kuma su zama a shirye tun yanzu: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta GRA, ta hukumar fanshon ma'aikata SSNIT, rajista da hukumar sayayyar gwamnati da dandalinta na GHANEPS, da lasisin wayarin na Hukumar Makamashi ga yaransa. Ya karanta shekarun garanti da kyau, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma tsawar daminar Kumasi ba ta barin na'ura.

Da ya dawo ranar Lahadi na faɗa masa ra'ayina ba kwana-kwana. In unguwar gwajin irin tamu ce, cunkoso da tsohuwar waya, ya bi mai rediyo, da sharaɗin mita mai rabi biyu, akwatin kan falwaya mai batir da sim biyu na kamfanoni daban-daban, manyan masu cin wuta kuma a sa musu sim nasu. Mai PLC ya ajiye lambarsa don ranar da aka samu aikin sababbin gidaje. Mai sim zalla ya karɓe shi in aikin na masana'antu ne ko na bayan gari. Kuma ko mai rediyon ne, in ya ƙi rubuta maganar mabuɗai da ƙa'idar da kowa ya sani, ko ya nace sai an ɗaure shi shekaru ba zai yi aiki da kowa ba, ya mayar masa da takardarsa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, in na ce su aiko da samfur fa, su ƙi?" Na ce wanda ya ƙi aiko da mitoci ashirin ba zai aiko da injiniya ranar da dubu suka yi shiru ba. Mun tsayar da magana zai rubuta wa duk ukun gobe Litinin, kowanne ya aiko da ashirin da akwatinsa. Wani mai gida a bayan layinsu ya yarda a jera su a gidajen hayarsa a bayan mitar da ke akwai, ba tare da an taɓa ta ba, mu bar su wata guda, mu riƙa duba kowace magariba nawa ne suka kai labari lokacin da mai walda yake aiki.